Turaren Idi a Hannun Babana

Duk wanda ya tashi a Unguwar Shanu ya san ɗan gidan namun dajin da babana yake aiki. Wani tsohon ma'aikacin gandun daji, Alhaji Rilwanu, shi ya kafa shi bayan ya yi ritaya, da kada ɗaya da birai biyu. A jikin katanga an zana ƙaton zaki ya wangale baki, amma wallahi zaki bai taɓa taka gidan nan ba. An taɓa yin jimina, ta haɗiyi ledar da 'yan kallo suka jefa mata, ta mutu. Kadan yana nan, kullum kwance, sai ka rantse icce ne. Abin da mutane ke zuwa gani dai kura ce, wadda yaran unguwa suka sa wa suna Gwaggo.

Babana, Malam Yusha'u, mutumin Zamfara ne. Gidansu masu wasa da kura ne, suna yawo da ita kasuwa-kasuwa. Shi ya ce ba zai iya sa wa dabba takunkumi yana jan ta a rana ba, ya tattaro ya zo Kaduna ya kama tura ruwa. Ranar da aka kawo wa Alhaji Rilwanu 'yar jaririyar kura aka rasa mai taɓa ta, sai wani ya tuna da mai ruwan nan ɗan Zamfara. Tun ba a haife ni ba ke nan. Ni ce Turai, babbar 'yarsa, kuma tunda na yi wayo nake tsoron wannan kurar.

Da Gwaggo ta tsufa sai yanar ido ta kama ta, ta makance. Daga nan ba ta san Baba ba sai da murya da kuma wari. Shi ya sa gidanmu ba a ganin turare. Ba ya wanka da sabulu mai ƙamshi, ko turaren wuta Inna, mahaifiyata, ba ta sawa a ɗakinsa. Haba, har gori aka sha yi mana a makaranta, wai mu ne masu warin kura! In zai shiga kejin, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Gwaggo, ni na," da harshensu na can. Sai ta taso ta shinshina hannunsa na dama, sannan ta ba shi hanya.

Na sha ce masa, "Baba, don Allah ka riƙa zuba mata nama daga waje mana."

Sai ya yi dariya ya ce, "Ɗiyata, mi kika sani? Wanda ka raina ba ka jifa tai da abinci."

Babbar sallar da ta wuce abin ya faru. A filin idi wani dattijo da ke kusa da shi a sahu ya fito da 'yar kwalbar turare, ya bi mutane yana shafa musu a bayan hannu. Ka san mu, ba a mayar da turare. Baba ya ce ya ji nauyin janye hannunsa daga dattijon, ranar salla kuma. Da ya dawo ya wanke da toka, ya shinshina bai ji komai ba, ya sa tsohuwar rigarsa ta aiki ya tafi.

Ni ina bakin ƙofar gidan ina sayar da zoɓo, don ranar salla wurin cika yake yi maƙil. Yara da sababbin kaya, mai kiɗa ya ƙure lasifika, ko maganar na kusa da kai ba ka ji. Sai wata mata ta zo tana cewa an jefa wa kura ƙullin naman salla da ledarsa. Na ga fuskar Baba ta sauya. Bai manta abin da ya kashe jimina ba. Ya nufi kejin da sauri, ni kuma na bar robar zoɓon na bi shi.

Ya buɗe ƙofa ya shiga ya tura ta. Na ga bakinsa ya motsa, ya yi kiran da ya saba, amma kiɗa ya haɗiye muryar. Gwaggo ta ɗago kai. Ta taho a hankali, hancinta yana rawa. Ya miƙa mata hannun dama. Ta shinshina, sai ta tsaya cak, gashin bayanta ya miƙe.

Innalillahi! Ban taɓa jin ƙara irin wadda ta fito daga ƙirjin dabbar nan ba. Na riƙe ƙarfen kejin gam. Shi kuwa bai ja da baya ba, don ya san in ya juya shi ke nan. Yana ta magana, ba ta ji. Kafin in ƙifta ido ta cafke hannun.

Na ji ƙarar ƙashi. Har yau in ana fasa ƙashi a mahauta sai na toshe kunne. Mutane suka watse da ihu, wasu suna faɗuwa a kan wasu, wani ya ture lasifikar ta mutu. Wurin ya yi tsit. A nan ne aka ji muryar Baba, jini yana bin gwiwar hannunsa: "Gwaggo, ni na. Ni na, Gwaggo."

Ta saki. Ta ja baya har jikin bango, tana wani kuka ƙasa-ƙasa. Baba ya sunkuya ya ɗauki ledar da hannun hagu, wai ita ce damuwarsa, sannan ya fito ya zube a jikina.

Yatsu uku ya rasa. Da ya fito daga asibiti, 'ya'yan marigayi Alhaji Rilwanu, waɗanda suke riƙe da gidan yanzu, suka ce ya koma gadin ƙofa, a riƙa tura wa kurar nama da dogon ƙarfe. Inna ta yi kuka ta ce in ya sake shiga kejin nan ba ta yafe ba. Ni ma na durƙusa na roƙe shi. Ya ce to, ya ji. Kuma na ga tsoro ya shige shi, don in ya doshi wajen sai gumi ya keto masa. Sai dai Gwaggo ta daina ci. Naman da aka tura mata yana nan har ƙuda ya rufe shi, haƙarƙarinta duk suka fito.

Jiya da azahar na kai masa abinci. Ba ya kan bencinsa na bakin ƙofa. Na tambayi mai sayar da rake, ya kawar da kai. Na zaga baya. A bakin kejin na ga takalmansa a jere. Yana ciki, ya tsuguna, ya miƙa ragowar hannun nan na dama. Gwaggo ta taso tana tangaɗi, hancinta yana rawa.

Ban kira shi ba. In ta ji baƙuwar murya ban san abin da za ta yi ba. Na tsaya da kwanon tuwo a hannuna, na cije mayafina don kada kuka ya kuɓuce mini.