Fuskar Baba a Zaure

Shekarar da Baba ya yi niyyar tafiya Makka, ina akawu a kantin wasu Turawa masu sayen fatu a Sakkwato. Wani daga cikinsu da zai koma gida ya bar mini kyamararsa, da fitilarta mai walƙiya, da wani ɗan akwati mai allura a ciki, ma'aunin haske. Kana nuna shi wuri, allurar ta motsa ta gaya maka yadda za ka buɗe idon kyamara. Ƙwan fitilar kuwa biyu suka rage, kuma kowane sau ɗaya yake haskawa ya mutu. Ni ko na ɗauki kaina da girma, har tafiyata ta sake.

A zamanin nan tafiyar Makka ta ƙasa ce, mutum ya yi shekaru, wani ma ba ya dawowa. Baba falken shanu ne, tafiya ba ta ba shi tsoro. Inna ce abin ya dama. Wata safiya tana tankaɗe ta kira ni, ba ta ko ɗago kai ba.

"Abin nan naka, shina kama fuskar mutum?"

Na ce sarai kuwa.

"To ka kamo min ta shi, kahin ya tahi."

Ba ta faɗi ko wane ne ba, don Inna ba ta taɓa kiran sunan Baba ba. Kuma tun da aka kawo ta gidan tana yarinya, ba a taɓa ganin ta kalle shi ido cikin ido ba. In yana magana, ƙasa take kallo. Kunyar mutanen da ke nan.

Da ƙyar Baba ya yarda. A ƙofar gida bai zama, wai kada 'yan Kara, kasuwar shanu, su mai da shi abin kallo. A tsakar gida ma a'a, akwai mata. Sai zaure, kuma a saki asabari. Ya sha farar riga da farin rawani, ya ja amawali ya rufe baki, ya harɗe bisa buzu.

Na nuna masa ma'aunin. Allura ko motsin kirki ba ta yi ba, don zauren ya yi duhu. Baba ya ce, "Mi bokan naka ya ce?" Na ce ya ce a buɗe ido duka. Na buɗe, na matso kusa da shi, na danna. Zaure ya yi fari fat. Baba ya zabura yana salati, ya ce in kwashe tarkacena, shi da walƙiya sai ta damina.

Na kai fim wurin wani mutumin Ikko mai wanke hoto a bakin kasuwa. Da hoton ya fito sai na ji kamar in nitse. Ga bango, ga buta, ga takalman Baba radau. Baba kuwa babu shi, sai wani farin curi kamar an tara auduga. Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce da ni cikin Hausarsa mai karkata, allurar ba ta yi ƙarya ba. Hasken da ta tarar a ɗaki ta auna, ba ta san fitila za ta kawo nata ba. In za a yi walƙiya, a ajiye allura, a duba nisan fitila da fuska. In kusa ne a tsuke ido, in nesa ne a buɗe. Ya nuna mini inda zan tsaya da inda zan tsuke.

Na nuna wa Inna hoton, na yi mata bayani. Ta ce, "Wato kai ka auna tuwon 'yan gida, baƙo kuma ya zo da nashi." Ta yi dariya, amma na ga yadda ta juya takardar tana neman fuska a cikin farin nan. Abin ya sosa mini rai ƙwarai. Ayari ya kusa tashi, ƙwai kuma ɗaya ya rage.

Na sami Baba yana ɗaure kaya. Na ce a sake. Ya ce ko kusa. Na yi ta kewaye-kewaye, da na ga ba ci, sai na faɗi gaskiya.

"Baba, ba ni ke so ba. Inna ta."

Ya tsaya da igiya a hannu. Can sai ya shiga ciki, ya fito da shuɗiyar riga, ya zauna bisa buzun. Da hannunsa ya sauke amawalin daga bakinsa, abin da ban roƙe shi ba. Na ja da baya, na tsuke idon kyamara, bokan nawa kuwa yana aljihu. Sai na danna. Wannan karon ko ƙyaftawa bai yi ba.

Sai bayan ayari ya tashi hoton ya fito. Ga Baba sak, har tabon ƙahon bijimi da ke gefen girarsa, kuma wallahi bakin nan yana shirin murmushi. Na kai wa Inna a ɗakinta. Ta goge hannu da zane, ta karɓa, ta matsa bakin ƙofa inda haske yake. Ta daɗe tana kallo, har na fara tunanin ko in fita.

Sai ta ce, "Ashe ubanku kyakkyawa na."

Ta yi maza ta rufe bakinta da gyale, ta ce in tashi in ba ta wuri.