Yadda ƙanwata ta ceci kunnen Baba

Shekarun baya can, lokacin mahaifina yana da injin niƙa a Kwanyawa, jinsa ya fara raguwa. Sai ka yi ta sallama kafin ya waiwayo. Ni kuwa, likitan gida, na yanke cewa datti ne. Kullum ina ɗumama man gyaɗa ina ɗiga masa a kunne, ina bi da gashin kaza, har yabon kaina nake yi.

Ana haka ƙanwata ta zo hutu daga jami'a, inda take bincike kan cikin kunne. Ta tarar da ni da cokali a hannu, ta ce, "Yaya, miya kake haɗawa?"

Ta durƙusa gaban Baba, ta ɗaga murya ta yi masa bayani. Wai can ciki akwai wani ɗan abu mai siffar dodon koɗi, cike da ruwa da ƙwayoyi masu gashi. Sauti na kaɗa gashin, sai wasu ƙofofi su buɗe, ɗan lantarki ya tafi ƙwaƙwalwa. A cikin ƙwayoyin kuma akwai sinadarai da ake kira enzayim, su ke kai saƙo suna daidaita buɗewar ƙofofin, kamar mai ban ruwa a fadama. Ƙarar inji kullum tana wahalar da ƙwayoyin har su mutu, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. Man gyaɗana ko kusa da wurin ba ya zuwa.

Baba ya ce, "Allah mai iko. Ashe da wuta a kaina ban sani ba."

Amma da ta miƙa masa robar toshe kunne, ya ƙi. "Mutum ya taso tun daga Fulatan da buhunsa, ya gaishe ni, in yi masa shiru? A ce na yi girman kai?"

Ta ce, "Baba, in aka ci gaba a haka, ba gaisuwar da za ku ƙara ji, har tawa."

Ya miƙa hannu ya karɓi robar. Daga ranar sai an gama gaisawa tsaf, an tambayi gida da gona, sannan ya toshe kunne ya tada inji.

Wallahi har yau yarinyar nan tana burge ni. Ilimi ne mai zurfi, amma ta sauko da shi har tabarmar tsohonmu ba tare da ta raina shi ba. Kunnen hagu ya riga ya tafi, na dama ya tsira. Kwanan nan 'yata ta zo biya masa hadda, ya juyo mata na daman, tana yin kuskure ya ce, "Koma baya, na ji ki."