Bishara Tafinta da Kalmar "Mu"

"Iya, me ya sa in mutum ya shara ƙarya a ajinmu sai a ce maganar Bishara? Ba kakanki ba ne?" Ɗiyata Zenaba ce, mai shekara bakwai, ta yi mini wannan tambaya. Dominta na rubuta tarihin nan.

Haihuwa da karatu

An haifi Bishara a shekarar 1908 a garin Musoro na ƙasar Cadi, mahaifinsa Annur makiyayin raƙuma, mahaifiyarsa Ashta. Ya sauke Alƙur'ani yana da shekara goma sha huɗu, sannan aka kai shi makarantar Nasara a Fort-Lami, babban birnin ƙasar, inda ya naƙalci Faransanci. A 1931 aka naɗa shi tafintan kwamandan Musoro, a 1934 kuma ya auri Kaltuma.

Shekarar yaƙi

A 1940 Jamus ta mamaye Faransa. Faransawan da suka ƙi miƙa wuya suka kafa hukuma a Landan, Cadi kuma ta yi musu mubaya'a. Hukumar ba ta da taku ɗaya na ƙasarta, saboda haka abin da take buƙata na yaƙi daga wurinmu ya riƙa fitowa. Umarni yakan taso daga Landan ta waya, ya bi ta Barazabil, hedkwatarta a Afirka, da Fort-Lami, ya sauka kan talaka.

A watan Satumba kwamanda ya tara jama'a a kasuwa, ya ce da Faransanci, "Daga yau mu 'yantattu ne." Bishara ya ɗauka "mu" ɗin har da mu, ya kuwa fassara haka da iyakar muryarsa.

Wani tsoho mai suna Khamis ya ce, "Kai ɗan Annur, har aikin tilas?"

"Har shi, Baba. Da kunnena na ji."

"To in ƙarya ce, kai za mu ɗaura wa sirdi."

Aka yi dariya, mata suka yi guɗa, aka yanka raguna. Bayan wata biyu waya ta zo: a karɓi raƙuma da masu jansu, su kai wa sojoji man fetur garin Faya, can cikin hamada. Bakin da ya yi bushara shi aka sa ya kira sunaye. Khamis kuwa ya ajiye tsohon sirdi a ƙofar gidan Bishara.

Bishara ya ajiye aiki, ya ɗauki sirdin, ya bi ayari. Sau uku ya je Faya tsakanin 1941 da 1943 a matsayin mai jan raƙumi. Mutum huɗu daga waɗanda ya kira ba su dawo ba: Jibrin, Saleh, Utman da Dawud, ɗan Khamis.

Ƙarshen rayuwa

Bai ƙara yi wa hukuma fassara ba. Ya rayu yana ɗinkin sirdi a kasuwa, yara na tsokanarsa da maƙaryaci. Kaltuma takan ce, "Malam, ka faɗa musu ba kai ka yi ƙaryar ba mana!" Sai ya ce, "Bakina suka ji, Kaltuma."

Rasuwa

Allah ya karɓi ransa ranar Laraba, 14 ga Maris, 1979, aka yi jana'izarsa bayan la'asar a maƙabartar gabas. Ya bar ɗiya mace ɗaya, Halime, mahaifiyata, da 'ya'ya maza huɗu da ya raɗa wa sunayen waɗanda ba su dawo ba: Jibrin, Saleh, Utman da Dawud. Allah ya jiƙansa.

Na karanta wa Zenaba wannan, gobe kuma zan kai wa malamin ajinsu. Kai mai karatu, in babba ya ce "mu", ka tambaye shi su wa da wa kafin ka kai wa mutane. In kuma ɗanka ya sake jifan ɗiyata da sunan Bishara, har gida zan zo, sirdin na hannuna.