Gudun da Ciyaman Ya Yi a Cikin Fijo

Suleja

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, na ɗaura kambas na bar gida a Kurmin Sarki. Shekara biyu ke nan ciwon da ke cinye tsoka ya zaunar da ɗana Habibu, likitoci kuma suka ce har yau ba a gano maganinsa ba. Shi ya sa muka shirya gudun kilomita arba'in da biyu zuwa Abuja, mu tara wa masu bincike abin da ya samu.

Mu ashirin da uku muka taru a unguwar Magajiya. Ciyaman ɗin kwamitin shirya gudun, Alhaji Bala, bai iso ba sai bakwai saura, cikin rigar wasanni da ta kasa rufe tumbinsa. Ya yi dogon jawabi kan shan inna, ashe ko sunan ciwon bai riƙe ba. Ya ruga tare da mu har inda mai hoto yake tsaye, daga nan ya faɗa motarsa Fijo.

Zuma zuwa Zuba

Motar da aka ce za ta bi mu da ruwa ta tafi layin mai. A Zuma muka sayi na leda, naira bibbiyu. A shingen Zuba wani soja ya tare mu.

"Wa ya koro ku?"

Na yi masa bayani ina haki. Ya zaro kuɗin da ya karɓa yanzun nan daga hannun wani direba, ya jefa a akwatin taimakon da muke ɗauke da shi.

Kubwa

Sha ɗaya saura, yatsun ƙafata sun ɗuri ruwa, mutum tara sun sare. Fijo ta matso, aka sauke gilashi.

"Malam Idi, ka ƙara mai mana!" in ji Ciyaman, yana cin tsire.

Abuja

Saura 'yan taku a gama Ciyaman ya sauko daga Fijo, ya sheƙa ruwa a ka, ya riga kowa isa gaban 'yan jarida. Ya ce a ba shi akwatin ya kwana a gidansa saboda tsaro. Likitar da ta zo karɓar kuɗin ta rungume akwatin.

"Alhaji, ka sha gudu. Kada mu ƙara maka da dako."

Gida

Bas ta sauke ni da magariba, naira arba'in. Dokin ƙofa ya gagare ni tsallakewa, sai da maƙwabci ya tallafe ni. Habibu na kallo daga tabarma.

"Kada ka damu, Baba," ya ce. "Ai kai, zuwa jibi ƙafar taka za ta sake ka."

Na gode wa Allah, na gode wa waɗanda suka yi gudun da ƙafafunsu. Ciyaman kam rediyo ta gode masa tun kafin mu iso gida.