Ƙayar Kifi a Kan Takardunmu

A makon da za mu cike fom ɗin zaɓen aji, kimiyya ko adabi, makarantarmu ta gayyato wani mutum daga Kano ya yi mana jawabi a kan aikin da za mu yi idan mun girma. Malamar ajinmu ta aike ni in kai masa ruwa ofis, don ta san ba ni da surutu.

Na tarar da shi shi kaɗai a gaban gilashin taga, yana gwada magana. "Ku bi abin da zuciyarku take so," ya ce, ya dafa ƙirji, ya cire tabarau, ya yi shiru leɓensa na ƙirga ɗaya, biyu, uku. Sai ya mayar da tabarau ya sake daga farko. Na ajiye ruwan na fita, ko sallamata bai amsa ba.

A ɗakin taro aka raba mana ƙananan takardu, kowacce ta rubuta burinta da sunanta. Na rubuta likitar dabbobi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Tun ranar da saniyar kakana ta mutu wajen haihuwa a Darki, muna tsaye ba wanda za a kira, abin yake cikin raina.

Ya fara karantawa. Matuƙiyar jirgin sama, ya ce a tafa mata. Lauya, aka tafa. Da ya zo kan tawa sai ya riƙe ta da yatsa biyu.

"Ina ƙanwata mai wannan? Tashi mu gan ki."

Na tashi.

"Ƙanwata, duk faɗin duniyar nan, kashin shanu kika hango? Ko don kasuwar shanu ta Juma'a tana kusa?"

Ɗakin ya kwashe da dariya, har da malamai biyu. Ya bari sai da dariyar ta lafa, sannan ya dafa ƙirji, ya cire tabarau. Na ƙirga tare da shi: ɗaya, biyu, uku. Muryarsa ta fara rawa daidai inda na san za ta fara. Ya ba da labarin yadda shi ma aka yi masa dariya yana yaro. Wadda ke kusa da ni, da ta fi kowa ƙyaƙyatawa, tana share hawaye da bakin hijabi. Ni kuwa ya manta bai ce in zauna ba.

Kafin a tashi suna ya bi ni. "Likitar akuya, tamu ba ta cin dusa!" Na yanke a raina adabi zan cike, maganar ta mutu.

Sai Malama ta sake aike ni ofis in kwaso kwanukan da mutumin ya ci abinci. An sayo masa soyayyen kifi daga bakin gada, yadda ake yi wa kowane baƙo. Ya shimfiɗa takardunmu a kan tebur yana tofa ƙaya a kai. Tawa tana ƙarƙashin kan kifi, mai ya jiƙa ta. Ta matuƙiyar jirgi ya ɗauka ya goge baki, yana waya.

"Wallahi sun sha kuka, mutumina. Gobe ma shi zan maimaita a wata makarantar."

Ashe wadda aka tafa wa da wadda aka yi wa dariya duk ɗaya ne a wurinsa. Na tattara takardun da ƙayar na zuba a shara. Sau biyu na wanke hannu da sabulu, ƙarnin bai fita ba.

Washegari na miƙa fom ɗina. Malama ta duba, ta ɗago kai.

"Kimiyya? Kin tabbata, 'yata?"

"Na tabbata, Malama."

Har ƙarshen zangon ana kirana likitar akuya. Daga baya ma na riƙa amsawa.