Faifan Iyakar Gonar Inna Tasalla

Innata Tasalla ba ta taɓa sayen abu ba ta ƙwanƙwasa shi ba. Tukunya, ƙwarya, kankana, har akuya sai ta bubbuga mata ciki ta kasa kunne. Ni ma ina zaton ranar da aka haife ni ta ƙwanƙwasa kaina, ta ji ƙarar fanko, ta haƙura don irin wannan hajar ba a mayar da ita.

Shekara talatin tana soya ƙuli-ƙuli da tatsar man gyaɗa a ƙauyenmu, tsakanin Bukkuyum da Anka. Ba ta shiga aji ko na yini ɗaya ba. Ni Sufyanu ni ne ɗan bokon gidan, na kai aji biyu na ƙaramar sakandare kafin ni da makaranta mu gaji da juna. Na yi kabu-kabu, na yi cajin waya, na shiga ramin zinari. Kwana tara na yi a ramin, Inna ta zo da muciya ta fito da ni a gaban abokaina.

Tana da dalili. A shekarar 2010, lokacin da maƙwabta ke niƙa dutsen zinari a tsakar gida, ƙurar dalma ta kashe yara da yawa a yankinmu. Autarmu Zinatu tana cikinsu, shekararta huɗu. Babanmu Makau ya bi ta bayan shekara. Tun daga nan ko takalmin wanda ya fito daga rami ba ya tsallake zauren Inna.

To, a bazarar 2015 sai masu haƙa suka ce sun ga jijiyar zinari a gindin gonarmu, tsakanin tsamiya da marke. Wurin yana jingine da dangar gidanmu, inda jikokin Inna ke wasan ƙasa. Kwana biyu bayan haka Baffa Atiku, ƙanin babanmu, ya tuna cewa wannan yankin nasa ne tun rabon gado. Har ya yi magana da masu injin niƙa.

Aka je gaban hakimi. Mai unguwar da ya halarci rabon ya rasu, babanmu ya rasu. Hakimi ya ce Inna ta kawo shaida ranar Alhamis bayan azahar. In babu, za a ba Baffa rantsuwa, ya rantse ya ɗauki wurin.

Inna ta ce tana da shaida, kuma mai gidanta ne da kansa zai yi magana. Mutane suka fara kallon juna.

Ba taɓuwa ta yi ba. Ranar bikin yayata Mardiyya, shekara guda kafin dalma, an ɗauko mai bidiyo daga Gusau. Babanmu mutum ne mai hangen rigima tun tana nesa, sai ya janye mai bidiyon daga wurin 'yan rawa, ya kai shi gona tare da Baffa Atiku da mai unguwa, suka taka iyaka suna faɗa da bakinsu. Faifan yana hannun Inna, a naɗe cikin ƙyalle, a ƙasan kwallarta. Ni kaina rabona da ganinsa tun kafin rasuwar Baba.

Matsalar ita ce abin kunna shi. Duniya ta koma mimori, na'urorin faifai na ƙauyen duk sun zama wurin ƙwan kyankyasai. Ta gidan kallo ce kaɗai ke numfashi, ita ma da roba aka ɗaure bakinta, kuma duk faifan da ya shiga sai ya fito da zane kamar fuskar Bagobiri. Malam Mas'ud, magatakardan hakimi, yana da 'yar kwamfutar hannu, amma irin siraran nan ce marasa bakin faifai. Shi ya ce mini akwai wani ɗan akwati da ake jona mata ta waya, estanal ake ce masa, in nema a Anka.

Na ce wa Inna ta ba ni faifan in je in dawo. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Kai da kaɓ ɓatar da akuya tana ɗaure? Tada babur, tare za mu."

Ranar Laraba da hantsi muka kama hanya. Lokacin an fara tare mutane a dajin nan, don haka ban yi wasan tuƙi ba. Inna tana bayana, hannu ɗaya a kafaɗata, ɗaya a ƙugunta inda ta ɗaure faifan cikin lalita.

Mai shagon da aka kwatanta mana sunansa Ɗantani, mai tura waƙoƙi da gyaran waya. Ya fito da akwati biyu. Na farko fari ne sumul, siriri, ba shi da tire, tsaga ce kawai. Ya kai masa faifai baki, abin ya zuƙe shi zuruf kamar ƙadangare ya samu fara. Ni nan take na kamu.

"Inna, wanga za mu ɗauka. Dibi kyawo!"

Ba ta ko kalle ni ba. Ta ɗauki farin ta ƙwanƙwasa, ta jujjuya shi.

"Yaro, in ya haɗiye, wuta ta ɗauke, ta ina shika amai?"

Ɗantani ya sosa ƙeya. "Sai wuta ta dawo, Inna. Ko a kwance shi da sukundireba."

"Da mai gidana a ciki?"

Ta ajiye shi can gefe kamar ruɓaɓɓen tumatir. Na biyun baƙi ne, mai kauri, mummuna, tirensa na fitowa kamar harshen saniya. Ta ƙwanƙwasa, ta ji nauyinsa a tafin hannu. Ɗantani ya nuna mata wata 'yar huda a gabansa, ya ce ko babu wuta, in an soka allura a nan tiren zai fito. Ta sa ya zare wayar, ta ciro allurar da ke maƙale a ɗankwalinta, ta soka da kanta. Tire ya turo kai. Ta maimaita sau uku.

Ta tambayi dalilin da wayarsa ke da kai biyu a gefe guda. Ya ce ɗaya na magana da kwamfuta, ɗaya na janyo ƙarin wuta, don ƙananan kwamfutoci ba su da ƙarfin juya faifai da baki ɗaya. Ya kunna mana faifan wa'azi, ya yi tas. Sannan ya miƙo hannu.

"Kawo naki mu gwada, Inna."

Ta dafe ƙugu. "Gaban hakimi za shi buɗe baki, ba gaban masu sayen waƙa ba."

Na roƙe ta, Ɗantani ya roƙe ta. Ta ce ai ta san lafiyar kayanta, ita ke kula da shi duk shekara. Da na san abin da take nufi da kula, da ban bar shagon nan ba.

Ranar Alhamis zauren hakimi ya cika har waje. Baffa Atiku ya zo da sabuwar hula, masu injin niƙa biyu suna tsugune a bayansa. An ajiye Alƙur'ani da butar alwala a gefe, suna jiran rantsuwa. Malam Mas'ud ya buɗe kwamfutarsa a kan tabarma, ya raɗa mini cewa rabon garin da wuta kwana huɗu, batir saura kashi ashirin da biyu.

Inna ta juya baya ta kwance lalita, ta ɗora faifan a tire da hannunta, ta tura. Akwatin ya yi gurnani, ya fara juyi, sai ya yi ɗif. Ya sake, ya sake yin ɗif.

Inna ta leƙo.

"Ɗayan kan wayar mi shika yi a ƙasa?"

Ashe Malam Mas'ud kai ɗaya ya jona, ɗaya ramin kwamfutar kuma wayarsa ta hannu ce ke shan caji a ciki.

Inna ta ce, "Malam, tagwaye na. Ba a ba ɗaya nono a bar ɗaya."

Aka yi 'yar dariya. Ya zare wayarsa da kunya, ya jona kan na biyu. Yanzu faifan ya ɗauki juyi sosai, fuuu, har ana jin iskarsa. Muka zuba wa gilashin kwamfutar ido. Minti ɗaya, biyu. Kwamfuta ta rubuto cewa a saka faifai.

Malam Mas'ud ya fito da tiren, ya ɗaga faifan ta gefe, sai ya yamutsa fuska ya kai shi hanci.

"Wanga ƙamshin man gyaɗa fa?"

Na karɓa. Bayan faifan, inda ya kamata ya yi sheƙi kamar madubi, ya yi danƙo, rawaya-rawaya, ƙura da zaren ƙyalle sun manne a kai.

"Inna, mi kinka yi mishi?"

"Mai nika shafa mishi, duk bayan kaka. Yadda nika yi ma ƙoraina da wuƙar ubanka. Ko so kaka shi tsage?"

A gidanmu haka ake adana duk abin da ake ji da shi. Sabuwar ƙwarya, akushi, kuben wuƙa, sai an sha su da mai don kada zafi ya fasa su. Shekara huɗu Inna tana yi wa faifan nan gata, da man farko, wanda ba ta sayar wa kowa.

Zauren ya ɗauki hayaniya. Baffa Atiku ya gyara hula.

"Matar yaya, shaida kinka kawo muna ko ƙuli? In ƙuli na, a miƙo mu taɓa."

Masu injin suka bushe da dariya. Hakimi ya ɗaga hannu, ya ce ba zai tsare mutane har yamma ba. In aka kira la'asar faifai bai yi magana ba, Atiku ya yi alwala. Malam Mas'ud ya rufe kwamfutar don tanadin batir. Saura kashi goma sha ɗaya.

Inna ta kau da kai daga Baffa. Ta aika cikin gidan hakimi a kawo mata ruwan ɗumi a kwano, da sabulun salo, da tsohon farin ƙyalle mai laushi. Na tsuguna kusa da ita.

"Inna, don Allah ban da toka, ban da soso. In ya karce shi ke nan."

"Kai za ka koya man fidda mai?"

Ba ta goga sabulun a faifan ba. A tafinta ta murza shi har ya yi kumfa, ta tsince ɗan tsakuwar da ke ciki, kumfar kaɗai ta ɗora. Da cikin babban yatsanta take bi, a hankali, daga hudar tsakiya zuwa baki, yadda ta ji Ɗantani ya faɗa wa wani a shago. Ruwan ya yi rawaya, aka canza. Ya sake yi, aka canza. Hannun nan da ke murƙushe tunkuza mai zafi, ban taɓa ganin ya taɓa wani abu da lallami haka ba sai Zinatu.

Inuwar zaure tana ta tsawo. Na hango ladan ya fito daga gidansa da buta.

Ta ɗauraye, ta tsane shi da ƙyallen, ta ɗaga shi a rana tana juyawa har ɗigon ƙarshe ya bushe. Na ga fuskata a ciki, ba ta yi kyau ba.

Tire ya shiga. Juyi. Ladan ya kai ƙofar masallaci. Sai kiɗan kalangu ya fashe daga kwamfutar, ga mata suna rawa.

"Wuce da shi gaba!" na ce wa Malam Mas'ud. Ya ja, ya ja. Saura kashi biyar.

Ga gona. Ga Baba cikin shuɗiyar rigarsa, yana nuna tsamiya da sanda. Inna ta ja ɗankwali ta rufe baki. Ga mai unguwa. Ga Baffa Atiku, gemunsa baƙi wuluk, ya ɗora wata yarinya a wuya tana riƙe da kunnuwansa kamar linzami. Zinatu ce. Na manta sam ta bi su gonar ranar.

Muryar Baffa ta fito tar, yana dariya don yarinyar na ja masa kunne: "Daga tsamiyag ga har marke na yaya Makau na, ni nawa daga marke zuwa rafi. Ke Zinatu, sakam man kunne, gonarku ta, ba ni ci!"

Gilashin ya yi baƙi. Batir ya ƙare.

Ladan ya ɗaga murya. Hakimi ya dubi Baffa, ya dubi butar alwala.

"Atiku, za ka rantse?"

Baffa bai ɗago ba. Hannunsa yana kan kunnensa na dama. Can ya ce, "Ranka shi daɗe, a ɗauke butar." Masu injin suka sulale ta bayan mutane.

Malam Mas'ud ya danna maɓallin tire, shiru. Ya ce faifan sai dai ya kwana a fada har a samu wuta. Inna ta zare allura daga ɗankwali, ta soka a 'yar hudar, tire ya turo kai. Ta naɗe kayanta a sabon ƙyalle ta mayar ƙugu.

Bana ma gero muka shuka tsakanin tsamiya da marke. Na sa Ɗantani ya kwafe bidiyon a mimori har biyu, amma Inna ta ce abin da bai kai ƙumba ba ba ya riƙe mamata uku. Baƙin akwatin yana cikin kwalla tare da faifan. Bayan kaka na kama ta zaune da shi a cinya, ga kwalbar mai a gefe. Ta ce dubawa kawai take yi. Na ɗauke kwalbar dai.