Furen Dutse a Kan Kabarin Chencha

Da hantsin ranar Alhamis, ashirin da uku ga Oktoba, ɗanki Evaristo ya tsaya a bakin shingena da hularsa a hannu. Tun bai buɗe baki ba na gane, don bai taɓa cire wa kowa hula ba. Ya ce, "Doña Hermelinda, Mama ta tafi." Crescencia Olivas, Chencha tawa, ashe da gaske kike da kika ce ba za ki ga sanyin bana ba.

Ke kika riƙe 'yata Ofelia ranar baftisma, tun daga nan muke kiran juna komadre. Ke kika koya wa rabin matan ƙauyenmu Las Tinajas yin cukun awaki, ko da yake har gobe ina kan bakana, nawa ya fi naki daɗi. Ba ki da sauƙin hali, mutuwa ba za ta sa in yi ƙarya ba. Amma ba wanda ya taɓa shiga madafarki ya fito da yunwa.

Shekarar babban fari Ofelia ta rasu wajen haihuwa, ta bar mini Rosaura tana jaririya, ba ta da abinci sai nonon akuyata. Tuddai sun ƙone ƙurmus, awaki suka riƙa gangarawa kwarin rafi inda ƙasa ke da kanwa, don can kaɗai ake ganin kore. Tsiron nan mai furen rawaya ne ya cika kwarin. Mu dai abu ɗaya muka ɗauke shi da wanda ke fitowa a tsagin duwatsu, wanda muke dafawa don mura. Ke ce kika san biyu ne. Na dutse ganyensa sirara ne kamar allura, furensa da 'yan kunnuwa a gefe, in an murza shi ƙamshin ƙaro ya kama hannu. Na kwari ganyensa ya ɗan fi faɗi, furensa a dunƙule. Akuya ta ci shi tana yawonta lafiya lau, alhali dafin ya sauka cikin nono.

Wata safiya kika shigo aron rariya, kika ga ɗan akuyata yana karkarwa a tsaye. Kika durƙusa kika sansana bakinsa. Kika wuce murhu, kika sauke tukunyar nonon, kika kife ta a ƙasa.

Na ce, "Komadre, kin haukace ne? Abincin marainiya fa!"

"Rufe mini baki, Linda. Ina akuyar nan ke kiwo?"

"Inda ta samu mana! Da jaririya a hannu zan bi ta?"

Kika zaro wani ganye da ya maƙale a gemun akuyar, kika murza, kika tura mini a hanci. "Kin ji ƙaro?" Ban ji ba. Nan na tuna tun farkon mako yarinyar ke amai.

Kafin rana ta take kin jawo Paloma, akuyarki ɗaya tak da ta rage da nono, wadda kike hawa tudu da ita da ƙafarki kina babbake mata ƙayar nopal, tsiron nan mai kaurin ganye, ta ci. Kika ɗaure ta a ƙofata. Ɗan akuyata bai kai Lahadi ba. Rosaura ta sha jinya, sannan ta tashi. Shekarar nan ba ki yi cuku ko ɗaya ba, kuma ba ki taɓa goranta mini ba. Na sha ce miki da kin yi magana kafin ki kifar mini da tukunya, ke kuma ki ce da kin tsaya magana da ni, da yarinyar ta gama sha.

Da Rosaura ta yi wayo kika ja ta duwatsu kika koya mata. Da idanunki suka tafi, yatsunki da hancinki ba su taɓa kuskure ba.

Ranar Asabar muka kai ki. Evaristo, ɗanki na cikinki, ya tuna kina son furen rawaya, ya tsaya a kwari ya yanko runguma guda ya lulluɓe kabarinki. Duk muka ce ya yi kyau, har da ni. Rosaura ta miƙa mini jaririnta, ta durƙusa, ta murza, ta sansana. Sai ta kwashe furen kaf ta ajiye bayan shinge, ta nufi tudu da takalman zuwa coci. Fada ya rufe littafinsa, muka tsaya cikin rana muna jira. Ta dawo da ɗan dami kaɗan, hannunta duk ya ƙwarzane. Ta tsinki ganye ɗaya ta kai mini hanci.

"Kaka, kin ji ƙaro?"

Na ji, komadre. Nan ne kukan da na riƙe tun Alhamis ya ƙwace mini.

Ubangiji Allah ya ji ƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya ba ki hutun da ba ki taɓa yarda kin yi ba a duniya. Evaristo da ɗan'uwanka Fidencio, da matanku da 'ya'yanku, Allah ya ba ku haƙuri, ya ba ni nima. Kuma ku tsare awakinta daga kwari, don bana ma ruwa bai yi ba.